Hukuncin Lambar Girma Ga Sojan Da Ya Rasu A Fagen Fama

Da sunan Allah Mai Rahama Mai Jin Ƙai.

Ran 27 ga Maris 2024, wadda ta kama cikin Ramalana 1445 Hijiriyya, aka binne Laftanar Kanar Abdullahi Hassan Ali a Abuja tare da sojoji 16 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta. A wurin ne Shugaba Tinubu ya ba shi lambar girma ta MON. Wasu suka ce me lamba za ta yi wa mamaci?

To, abin yana da asali. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya riƙe tuta har aka sare hannuwansa biyu. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ba da labarin an musanya masa su da fukafukai a Aljanna, aka riƙa kiransa Zul Janahaini. Amma bai tsaya nan ba. Ya tafi gidan Asma'u 'yar Umaisu da kansa, ya rungumi marayun, ya yi umurni a dafa wa iyalin abinci.

Lamba dai ba ta tabbatar da shahada, wannan niyya ce, Allah kaɗai Ya san ta. Marayu kuwa ido yana ganinsu. Sojoji da 'yan sandan da 'yan bindiga suka kashe a sansanin Burkusuma ta ƙasar Sabon Birni, cikin Satumba 2021, su ma sun bar iyali. Haƙƙinsu yana wuyan hukuma, yana kuma wuyan attajiran Sabon Birni da Isa waɗanda aka mutu ana tsaron kasuwanninsu.

Allah Ya jiƙan musulmi, amin.