Zuciya amana ce: gargaɗi a kan bugun zuciya da jinkirin neman magani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ajiye ƴar tsoka cikin ƙirjin ɗan Adam, tana bugawa kamar sau dubu 100 a kowace rana, ba da umurnin mai ita ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah. Sau da yawa bayan sallar jana'iza mukan ji ana cewa: jiya wane lafiyarsa lau, da dare ya ce ƙirjinsa, kafin asuba rai ya yi halinsa. Ajali na Allah ne, babu mai matsar da shi gaba ko baya. Amma sa'o'in da ke tsakanin "ƙirjina" da fitar rai suna hannunmu, kuma za a tambaye mu abin da muka yi da su.

Ku sani, zuciya mai raba jini ga jiki ita ma da jini take rayuwa, ta wasu ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a bangon waɗannan jijiyoyi. Ran da wurin ya tsage, jini ya daskare a kansa, sai hanya ta toshe, tsokar da ke bayanta ta fara mutuwa. Wannan shi ne ciwon da ake kira bugun zuciya. Tsokar da ta mutu ba ta dawowa, saboda haka kowane minti yana da daraja.

Idan ɓarnar ta yi yawa, zuciya takan kasa tura jini. Ƙarfin jini ya faɗi, hannuwa da ƙafafu su yi sanyi, zufa ta karyo, hankali ya rikice, fitsari ya ɗauke. Wannan durƙushewar tana samun kamar mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na masu bugun zuciya, kuma har yau, a manyan asibitocin duniya, 40 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda ta sama ba su tashi.

Duk da haka Allah ya buɗe wa bayinsa ƙofa. A shekarar 1977, a birnin Zurik na ƙasar Suwis, likita Andareyas Gurunzig ya fara buɗe jijiyar zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ana zura siririn tiyo ta jijiyar hannu ko ta matsematsi har ya kai wurin da ya toshe, a hura ɗan balan-balan da ke bakinsa, hanya ta buɗe. A 1986, a Tulus ta Faransa, aka fara barin ɗan bututun raga na ƙarfe a wurin, don kada jijiyar ta koma ta rufe. Kada wani ya ce wannan ilimi baƙo ne gare mu. Ibnu Nafis, likita kuma malamin fiƙihu, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 687 ta hijira, daidai da 1288, shi ya bayyana yadda jini yake bi ta huhu daga wani sashen zuciya zuwa ɗayan. Ilimi kyautar Allah ne, yana ba wanda ya so.

A 1999 an fitar da sakamakon wani bincike a kan marasa lafiya 302 da zuciyarsu ta durƙushe. An kasa su biyu: wasu aka buɗe musu jijiya cikin gaggawa, wasu aka fara da magunguna. Bayan wata 6, waɗanda suka rasu cikin rukunin farko sun kai 50 cikin 100, cikin na biyu kuwa 63. Ke nan cikin kowane mutum 100, an sami ƙarin 13 da ke raye a wurin iyalinsu. Da aka bi sawunsu shekara 6, sai aka ga cikin waɗanda suka fita asibiti da rai, 62 cikin 100 na rukunin farko suna nan, na biyu kuwa 44.

Ya ku bayin Allah, waɗannan alƙaluma suna koya mana ladabi biyu. Na farko, sababi yana da amfani da izinin Allah, tun da ga rayukan da aka tsirar ta hanyarsa. Na biyu, sababi ba ya rinjayar ƙaddara, tun da rabin waɗanda aka yi wa aikin ma sun koma ga Ubangijinsu. Wanda ya ƙi kai majinyaci likita da sunan tawakkali ya jahilci na farko. Wanda ya kai, aka yi iyakar ƙoƙari, Allah ya karɓi abinsa, sa'an nan ya tashi yana zagin likitoci, ya manta na biyu.

Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar kuma, da ya sami labarin annoba a Sham, sai ya juya da jama'arsa daga hanya, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wane ne a cikinmu ya fi Umar tawakkali?

To, me ke cinye mana lokaci? Wani ya ce gyambon ciki ne, a jiƙa masa kanwa. Wani ya ce iska ce, a nemo turare. Wani ya ce a jira gari ya waye. Matar gida ta ce ba ta fita sai maigida ya dawo daga kasuwa. Ƙane ya ce ba ya yanke shawara sai an buga wa babban wa tarho. Muna faɗa muku a sarari: kiyaye rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsare su, tare da addini, da hankali, da zuriya, da dukiya. Idan rai yana cikin haɗari, ba a jiran izinin kowa. Addu'a kuwa ba ta bukatar tsayawa. A yi ta cikin mota, ana tafe.

Ga alamomin da ya kamata kowane gida ya sani. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora dutse, wanda ya wuce ƴan mintoci bai lafa ba. Ciwon yakan miƙa zuwa hannu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya. Sau da yawa yakan zo da zufa mai sanyi, da tashin zuciya, da ƙuncin numfashi. Mata, da tsofaffi, da masu ciwon sukari, wani lokaci ƙirjin ba ya yi musu zafi sosai, sai dai kasala mai tsanani da sarƙewar numfashi. Idan kun ga haka, kada majinyaci ya taka da ƙafarsa, kada ya tuƙa kansa. A ɗauke shi zuwa gidan likita mafi kusa, a ce musu ana tsoron zuciya ce, domin su auna ta nan take.

Buɗe jijiya aiki ne na manyan asibitoci masu na'urori da gwanaye, ƙasarmu kuwa faɗi gare ta: daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Likitoci suna son a buɗe jijiyar cikin awa biyu bayan an gane ciwon. Inda hakan ba ya yiwuwa, akwai allurar da ke narkar da daskararren jinin, wadda ita ma amfaninta ya fi yawa a sa'o'in farko. Ashe mu da muke nesa mun fi kowa bukatar sauri.

Kai kuma ɗan'uwa da Allah ya tayar, ka sani an ƙara maka kwanaki ne domin a ga abin da za ka yi da su. Farkon godiyarka ita ce riƙe magani. Wanda aka sa wa bututun raga akan ba shi magunguna biyu masu hana jini daskarewa, yawanci har shekara guda, ɗaya kuma ya ci gaba bayan nan. Idan ya bari don ya ji sauƙi, bututun yana iya toshewa farat ɗaya. Ka bar taba, ta sha da ta baki. Ka rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini. Ka riƙa auna hawan jini da sukari. Idan Ramadan ya zo, ka tambayi likita amintacce. Allah ya yi wa majinyaci rangwame cikin Suratul Baƙara, malamanmu na Malikiyya kuma sun ce idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan azumi wajibi ne. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, ladansa yana nan. Ka biya bashi, ka rubuta wasiyya, ka sada zumuncin da ya yanke.

Mu ma jama'a akwai haƙƙi a kanmu. Suratul Ma'ida ta daidaita tsirar da rai guda da tsirar da mutane baki ɗaya. Kowane masallaci ya san masu mota na unguwarsa da za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa tsakar dare. A kafa asusu a hannun amintattu, domin kuɗin mai da na magani, kada talaka ya ɓata awa uku yana neman rance. Wanda ya tashi daga jinya kuma a taimake shi da kuɗin maganinsa na wata-wata, domin nan ne da yawa suke gajiya.

Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka sa albarka a hannun likitocinmu, ka tsarkake zukatanmu daga cutar da ake gani da wadda ba a gani, ka sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.