In An Kira Ɗanka Makarantar Zaɓaɓɓu, Ya Tafi Ko Ya Zauna?

Ya kai mai karatu, zo mu yi shawara a kan wata magana wadda ta kan shigo gidajen mutanen Diffa kowace shekara da damina, sa'ad da aka fid da sakamakon jarrabawar bakaloriya, wadda yara ke ce wa bak.

A ce kai manomin tattasai ne a bakin Komadugu, wajen Shetimari, ko Geskeru, ko nan kusa da gari. Ka sa ɗanka lakwal tun yana ƙarami, ka ɗauki nauyinsa shekara 13, yau ga shi ya ci bak da maki mai kyau. Da la'asar sai malaminsa ya yi sallama a ƙofar gida. Ka shimfiɗa masa tabarma, kuka gaisa, sa'an nan ya ce, "Malam, yaron nan Allah ya ba shi kai. Ka bar shi ya tafi Yamai ya shiga gasar makarantar injiniyoyi, ko kuwa a nema masa gurbin karatu a Maroko ko Aljeriya." Kai kuwa ka riga ka ƙudura a ranka cewa jami'ar nan ta Diffa zai shiga, ya kwana gida, ya ci tuwon uwarsa, ranar da babu karatu ya kama maka aikin injin ban ruwa. To, me za ka ce wa malamin?

Da farko mu san irin makarantar da a ke magana. Akwai makarantun da ba kowa su ke ɗauka ba, ko da ya ci jarrabawar da kowa ya ci. Sai an sake yi wa waɗanda suka ci wata gasa, a tankaɗe, a rairaye, a ɗebi ƴan kaɗan. A Yamai akwai lisen da a ke kira Lycée d'Excellence, mai ɗaukar yaran da suka yi fice bayan jarrabawar BEPC. Akwai kuma EMIG, inda a ke horad da injiniyoyin ma'adinai da na masana'antu. A Faransa ɗalibi ya kan yi shekara 2 bayan bak yana shirin gasar shiga manyan makarantunsu. A Amurka kuwa jami'o'i da yawa suna da wani sashe a cikinsu na zaɓaɓɓun ɗalibai, inda aji ba ya cunkushewa, malami ya san kowa da sunansa, aiki ya fi yawa, a ƙarshe kuma sau da yawa sai ɗalibi ya rubuta bincike nasa na kansa. Sunaye sun bambanta, amma manufar ɗaya ce, watau a ware kaɗan a ba su abin da ba a iya bai wa kowa.

Kada ka ce wannan dabarar Nasara ce. Tun kafin zuwansu ƙasar Barno ta san zaɓe a wajen karatu. Daga Kano da Katsina da Damagaram almajirai su kan yi gabas neman haddar Alƙur'ani. A tsangaya kowa ya kan fara yana kolo, da yawa su zama gardawa, kaɗan su kai alaramma, amma wanda a ke kira gwani, ko goni da Barbarci, sai an tona kafin a samu. Da Turawa suka zo su ma suka kafa nasu. Faransawa suka yi makarantar William Ponty a Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Ingilishi suka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka fito. Turawa malamai da akawuna su ke nema don tafiyad da mulkinsu, amma daga cikin waɗannan ɗakunan karatu ne aka sami mutanen da suka karɓi ƙasashenmu a 1960. Ka ga ke nan abin ba wasa ba ne.

Yanzu mu saurari masu cewa yaro ya tafi. Hujjarsu ta farko ita ce, ɗan kokawar da bai taɓa fita unguwarsu ba bai san iyakar ƙarfinsa ba. Sai ya shiga filin kokawar takobi, ya gamu da na Tawa da na Maraɗi da na Dosso, sa'an nan zai san inda ya ke da rauni, ya gyara. Haka kan yaro ya ke. In kullum shi ne na ɗaya ba tare da ya yi gumi ba, lalaci zai koya. Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi. Dubi kogin nan da mu ke ci da shi. Ruwansa daga kogin Haɗeja da na Jama'are ya ke fitowa, can cikin Nijeriya, kuma a kan hanyarsa akwai dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, da na Challawa da aka gama a 1992. Wata shekara ruwa ya makara, wata shekara ya zo ya ci gonaki da gidaje kamar yadda ya yi a 2019 da 2022. Wa zai auna ruwan nan? Wa zai zauna da injiniyoyin ƙetare su yi maganar rabonsa, baki da baki, lissafi da lissafi? Ai sai wanda ya yi zurfi a ilmin. In ba mu tura ƴaƴanmu sun koyo ba, kullum baƙo ne zai zo ya faɗa mana halin koginmu.

Masu cewa ya zauna su ma ba wawaye ba ne. Daga Diffa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300. Kuɗin mota kaɗai buhun tattasai nawa ne? Ga abinci, ga sutura, ga littattafai. Ko an ba yaro tallafin karatu, ba kullum ya ke zuwa a kan kari ba, kuma ciki ba ya jiran takarda. Ban da wannan, yaron da ya saba zama na ɗaya, in ya je ya ga kansa na 30, akwai wanda zai ƙara himma, akwai kuma wanda zuciyarsa za ta karye, ya dawo gida ba takarda, ba kuma sha'awar gona, ya zama ba tsuntsu ba tarko. Sa'an nan ga babbar cuta, girman kai, wanda Bahaushe ya kira rawanin tsiya. Mun ga waɗanda suka tafi suka dawo ba su iya zama kan tabarma da iyayensu, suna jin kunyar warin banda a kasuwa, alhali kuwa kuɗin bandar nan ne ya biya musu karatu. Har wa yau, jami'ar Diffa ba juji ba ce da a ke zuba waɗanda aka ƙi. An kafa ta a 2014 tare da na Agadas da Dosso da Tillaberi, aka kuma ɗora ta a kan ilmin noma da na kiyaye muhalli, watau ainihin abin da ya dame mu.

Kowane ɓangare yana da gaskiya. Amma akwai abu ɗaya da na ke so ka faɗa wa ɗanka kafin ku yanke shawara, domin shi ne tushen maganar. Zaɓen da aka yi masa bai nuna ya fi kowa ba. Ka tuna watan Fabrairu na 2015, sa'ad da ƴan Boko Haram suka kawo hari Bosso da Diffa. Makarantu da yawa na bakin kogi da na wajen Tafkin Chadi aka rufe, mutane suka watse suka kafa bukkoki a bakin kwalta, har noman tattasai da kamun kifi aka taƙaita na wani lokaci. Yara nawa ne tsaran ɗanka, masu kai kamarsa ko fiye, karatunsu ya tsaya a wannan shekara? Wani yana tura kurar ruwa yanzu, wata an yi mata aure tun tuni. Ba jarrabawa suka faɗi ba, ba su kai ɗakin jarrabawar ba ne. Ɗanka ya yi ƙoƙari, ba mai musu. Amma ƙoƙarinsa ya sami zaman lafiya a unguwarku, da uban da ya iya haƙura da hannunsa a gona, da malaman da suka tsaya. Wanda ya san haka, in an kira shi makarantar zaɓaɓɓu zai ɗauki kiran a kan amana. Wanda bai sani ba kuwa zai ɗauka sarauta aka ba shi.

Kai manomi ne, ka fi ni sanin misalin da zan kawo. In za ka ɗebi iri, tattasan da ya fi kyau ka ke zaɓa, mai kauri, mai ja sosai. Ba ka kai shi kasuwa, ba ka kuma jefa shi a miya. Ajiye shi ka ke yi don ya koma ƙasa. Sa'an nan ka yayyafa shi a wani ɗan wuri na dabam, ka ba shi taki mai laushi, ka yi masa inuwa, ka ba shi ruwa safe da maraice, gatan da sauran gona ba ta samu. Don me? Don bayan kwana 30 ko 40 ka cire shi ka dasa a fili. In ka bar shi a wurin reno don ka ga ya yi kore shar, sai ya yi tsawo ya siranta, ba zai ba ka ko kwano ɗaya ba. Makarantar zaɓaɓɓu wurin reno ce. Gatan da a ke yi wa ƴan kaɗan da dukiyar jama'a ba ya halatta sai in za a dasa su inda jama'a za ta ci amfaninsu.

Saboda haka, in da ni ne kai, tambaya uku zan yi wa yaron, mu biyu, ba a gaban malaminsa ba.

Ta farko, me ka ke so ka koya can wanda babu shi nan? In ya ce lissafin ruwa, ko ginin gada, ko aikin ma'adinai, ya kuma iya faɗin dalili, to, akwai magana. In kuwa abin da ke ransa shi ne a ce wane yana makarantar wane, to, suna ya ke nema, suna kuwa ba ya tsai da mutum a kan littafi da tsakar dare. Wanda ilmin ƙasar noma da na tsiro ya ke so, me zai kai shi nesa, ga gonakin a ƙofar ajinsa?

Ta biyu, in ka je ka zama na baya, za ka iya jurewa? Ka dubi halin ɗanka da idon gaskiya. Akwai yaron da kaye ke ƙara wa ƙarfi, akwai wanda ke bukatar shekara biyu ko uku kusa da gida kafin ƙashinsa ya yi ƙwari. Na biyun ba rago ba ne. Yana iya fara karatu a nan, in ya yi fice ya ƙarasa a wani wuri, ƙofar ba ta rufe ba.

Ta uku, wa zai biya, kuma wa za ka biya? Ku zauna ku lissafta kuɗin shekara ɗaya, ku ninka da yawan shekarun, ba a fafe gora ranar tafiya. In tafiyarsa za ta sa a cire ƙannensa biyu daga lakwal, to, a sake tunani, ko a nemi dangi su kama. In kuma ana iyawa, ya san tun yau bashi ne ya ɗauka, masu binsa kuwa ba ku kaɗai ba ne.

Ga mutum guda da ya biya irin wannan bashi. Abdu Mumuni Diofo, haifaffen Tasawa a 1929, ya bi makarantun zaɓaɓɓu tun daga William Ponty har Faransa, ya kai matsayin da ƴan Afirka ƙalilan suka kai a zamaninsa a ilmin fizik. Da ya so da ya yi zamansa can. Sai ya dawo ya dubi abin da ƙasarsa ta fi kowa arziki da shi, watau rana, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na Nijar tun daga 1969, daga baya ya shugabanci jami'ar Yamai. A 1964 ya fid da littafi a kan ilmi a Afirka, inda ya nace a koyar da yara da harsunan iyayensu. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa. Kai da ka ke karanta wannan takarda da Hausa, ka ga ashe mai zurfin karatu bai manta da irinka ba.

Ba na ce dole kowa ya dawo ya zauna Diffa ba, domin ba kowane aiki ke akwai a nan ba. Wani daga Yamai zai yi mana amfani, wani daga ƙasar waje. Abin dubawa shi ne, in ana maganar Komadugu a inda ya ke, zai buɗe baki? In yaron garinsu ya je neman karatu, zai ba shi wurin kwana?

Duk abin da na faɗa game da ɗa, ya hau kan ɗiya. In ƴarka ce ta ci, kada ka rufe maganar da cewa ai mace ce. Yi mata tambayoyin nan uku kamar yadda za ka yi wa ɗan'uwanta, ka ƙara da binciken wurin da za ta sauka da wanda zai kula da ita. Matanmu suna bukatar likita mace wadda ta ji Barbarci da Fulatanci da Hausa.

To, in malamin ya dawo jin amsa, kada ka ce masa i don kunya, kada kuma ka ce a'a don tsoro. In yaro ya amsa tambayoyin nan da kyau, ka sa masa albarka, ka raka shi tasha, ka ce ya tuna iri ne shi. In bai amsa ba, ya zauna ya yi karatunsa a nan da himma, ba abin kunya a ciki. Allah ya ba ƴaƴanmu ilmi mai amfani, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, ya sa waɗanda karatunsu ya tsaya su ma su sami hanyar komawa. Amin.