Filin Da Ɗan Kasuwa Ya Ƙi Ginawa

A tsohon birnin Kyoto na ƙasar Japan akwai wani irin gidan katako da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka gada kaka da kakanni, ana kiransa machiya. Wanda ya tsaya a bakin titi zai raina shi, domin faɗin gabansa bai cika wuce mita 5 ko 6 ba. Sai an shiga ake gane cewa tsawo gidan ya yi, yakan miƙe ciki har mita 20 ko fiye. Shago ne a gaba, ɗakunan zama a tsakiya, ɗakin ajiya mai kaurin bango a can ƙurya. Wata siririyar hanya mai daɓen ƙasa ta ratsa gefe guda tun daga ƙofa har baya, a cikinta ake girki. Dama da hagu kuwa bangon maƙwabci ne a manne, babu inda za a fasa taga.

Kyoto ta yi fiye da shekara dubu tana fadar sarkin Japan, tun daga shekarar 794, kuma kowane mai saye da sayarwa so yake ƙofarsa ta kalli titi. A wuri irin wannan ƙasa tsada gare ta, taku ɗaya ma kuɗi ne. Amma a tsakiyar wannan matsi, mutumin da ya fi kowa iya lissafin riba da faɗuwa sai ya ware wani ɗan fili ya ƙi yi masa rufi. Bai jibge haja a ciki ba, bai ƙara ɗaki ga yaran shago ba. Wannan shi ne tsubo-niwa, lambun cikin gida wanda wani lokaci faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, wato kimanin murabba'in mita 3.3. Me zai sa ɗan kasuwa ya jawo wa kansa wannan asara?

Amsar tana cikin iska. Duwatsu sun kewaye Kyoto ta ɓangare uku, birnin yana zaune a kwari. A watannin Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 33, ga danshi mai hana gumi bushewa a jiki. Dogon gida marar taga a irin wannan yanayi ba ya zaunuwa. Magina sai suka lura da ƙa'idar da Mahalicci ya ɗora iska a kanta: mai zafi sama take yi, mai sanyi ta kwanta ƙasa, kuma duk inda mai zafi ta tashi ta bar gurbi, mai sanyi za ta gangaro ta cike shi. Saboda haka a gidaje da yawa fili biyu ake bari. Ɗaya ƙarami a tsakiya, bangaye sun kewaye shi, rana ba ta daɗewa a cikinsa. Ɗayan a baya, ya ɗan fi girma, rana tana dukansa. Idan na bayan ya ɗauki zafi iskarsa ta tashi, sai iskar ƙaramin ta biyo ta cikin ɗakuna tana neman gurbin da aka bari.

Mutanen gidan sukan taimaka mata. Sukan yayyafa ruwa a ƙaramin filin, ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan cikinta da tsatsafar da take yi. Bambancin da ke tsakanin filayen biyu ya ƙaru, iskar ta ƙara motsi. Idan zafi ya kawo jiki, wajen watan Yuni, akan cire ƙofofin takarda a sa masu kama da asabari, don kada komai ya tare mata hanya. Haske ma ta wannan fili yake shigowa. Tsohuwar da ke zaune a ɗakin tsakiya ta san hadari ya haɗo, ta san ganye ya fara sauya launi, ta san dusar ƙanƙara ta sauka, ba tare da ta leƙa titi ba. Ashe ɗan filin da ake gani kamar an bar shi a banza ya fi kowane ɗaki aiki a gidan.

Abin da ake sa wa a ciki bai taka kara ya karya ba. Fitilar dutse guda, wani dutse da aka fafe cikinsa ana zuba ruwan wanke hannu, 'yan duwatsun takawa, tsakuwa a inda ruwan rufi ke zuba don kada ya haƙa rami, gansakuka a ƙasa, sai gora ko wata shuka mai jure inuwa. Ba a kawo shukar da ke son rana a tilasta mata zama a nan. Wani abin lura shi ne, ba a cika ƙanƙanta fitilar don wurin ƙarami ne ba, akan sa cikakkiya. Idan aka tara ƙananan abubuwa da yawa, ido yakan kama ƙirga, yana gama ƙirgar kuwa ya gane iyakar wurin. Babban abu guda shi ke ba ido wurin sauka ya huta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Akwai kuma dabarar ɓoyewa. Akan bar reshe ya kare rabin fitilar, ko ɗan shinge ya rufe kusurwa, sai mai kallo ya ɗauka akwai saura a baya. Dutse ba a ɗora shi a kan ƙasa kamar baƙo, akan binne wani sashe nasa har ya yi kamar a nan aka halicce shi. Lambun kuma na kallo ne daga zaune, domin mutanen gidan a ƙasa suke zama. Akwai ma wata irin ƙofar takarda da ake ɗaga rabinta na ƙasa kaɗai, mai zama ya ga dutse da ganye, bangon maƙwabci da ke sama kuwa ya ɓace masa.

Yawancin waɗannan kaya, fitilar da dutsen wanke hannu da duwatsun takawa, an aro su ne daga lambun ɗakin shan shayi, al'adar da Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, ya yi fice a kanta. Ana ba da labarin cewa wata shekara wata shuka mai yaɗo, dangin duman rafi, ta yi fure birjik a lambunsa, har labari ya kai kunnen Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin ƙasar a lokacin. Da ya zo kallo, sai ya tarar an tsinke furannin kaf. Ya shiga ɗakin shayi ransa a ɓace, sai ga fure ƙwaya ɗaya an kafa shi a gabansa. Da an bar masa ɗaruruwan, da ya kalle su ya wuce. Guda ɗayan ne ya sa shi ya tsaya.

To, ina ɗan Adam a cikin wannan duka? Rayuwarsa ma doguwa ce mai ƙaramin faɗi, kuma dama da hagu akwai bangayen da ba shi ya gina su ba: neman abinci, haƙƙin iyali, bashi, zumunci, larura. Ba zai iya ture su ba. Abin da ke hannunsa shi ne tsakiyar. Mafi yawanmu kuwa da mun ga ɗan sarari sai mu yi masa rufi. Sa'a guda ta samu tsakanin la'asar da magariba, sai a cusa mata wata hidima, ko a miƙa wa waya ta cinye. Kuɗi kaɗan ya rage a ƙarshen wata, tun bai kwana ba an yi masa wurin zuwa. Ana zance aka ɗan yi shiru, sai wani ya yi wuf ya cike, alhali a cikin wannan shirun ne abokin maganarsa yake tattara ƙarfin faɗin abin da ya kawo shi. Daga baya mutum ya rasa dalilin da ya sa ƙirjinsa ke masa ƙunci, ga shi bai rasa komai ba. Wurin da iska za ta bi ne ya toshe da hannunsa.

Addini ya daɗe da nuna wannan a kan abu mafi kusa da mutum, wato cikinsa, inda aka koyar da a raba shi uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya a bar wa numfashi. Kashi na ukun ba a zuba masa komai, kuma shi ke sa sauran biyun su amfani jiki. Magini a Kyoto bai san da wannan koyarwa ba, ya dai tarar da ƙa'idar a cikin katako da iska, domin wanda ya tsara ciki shi ya tsara iskar.

Sai kuma batun fili biyu, wanda ya fi ban sha'awa. Fili guda yana kawo haske, amma iska ba ta ratsa gida sai ta sami mashiga da mafita. Akwai mutanen da suka buɗe ƙofar karɓa suka toshe ta bayarwa. Ilmi yana shiga ba ya fita, dukiya tana shiga ba ta fita, ana kyautata musu, kyautatawar a wurinsu take tsayawa. Irin wannan ba ya jin sanyin abin da ya tara, domin sanyin a cikin wucewar yake. Kuma filayen nan biyu ba iri ɗaya ba ne. Da zafinsu ya zo daidai, da iskar ta tsaya cik. Wanda yake son duk mutanen gidansa su zama halinsu ɗaya, mai zafin nama ya koma kamar mai sanyin hali, ko mai yawan shiru ya koma kamar mai surutu, wataƙila bai lura ba cewa bambancin nan ne yake motsa gidan, muddin ƙofofin da ke tsakani a buɗe suke.

Yau waɗannan gidaje raguwa suke yi. Binciken da hukumar birnin ta gudanar tsakanin 2008 da 2009 ya ƙirga fiye da 47,000, zuwa 2016 kuwa saura kimanin 40,000, wato fiye da gida biyu ke tafiya kowace rana a tsakanin waɗannan shekaru. Otal-otal da benaye da wuraren ajiye motoci ne ke maye gurbinsu, har a 2017 birnin ya kafa dokar kare su. Na'urar sanyaya ɗaki ta sa mutane ganin ba sa buƙatar lambun, sai dai ita da kuɗin wuta take aiki, kuma zafin da ta kwashe daga ɗaki waje take watsa wa maƙwabta.

Wanda ya san tsofaffin unguwannin biranenmu ya ga makamancin haka a tsakar gida. Ba a taɓa cinye ta rana ɗaya. Yaro ya isa aure, a yanki gefe a yi masa ɗaki. Kuɗi ya yi wuya, a ƙara wani don haya. A sare darbejiya saboda saiwarta na barazana ga sabon gini, a shafe sauran da siminti. Kowane mataki yana da hujjarsa, babu wanda za a zarga, amma ranar da wuta ta ɗauke a watan Afrilu kowa sai ya kwashi tabarma ya nufi ƙofar gida. Haka sararin da ke cikin yinin mutum da aljihunsa da zuciyarsa yake tafiya, taku bayan taku, kowanne da dalili mai kyau.

Saboda haka wanda Allah ya bar masa ɗan fili, ko baranda ce a bene, ko taku huɗu a bayan ɗaki, ko sa'a guda da ba ta da mai ita, kafin ya tambayi abin da zai sa a ciki, ya fara gano aikin da wurin yake yi masa yanzu da babu komai. Idan ya gano, zai san abu ɗaya ko biyu da suka cancanci shiga, kuma zai sami bakin cewa a'a ga sauran.