Kunya Ce Ko Girmankai?

Ɗan'uwana mai karatu, kai da ka bar makaranta domin ka ciyar da ƙannenka, yau kana marmarin komawa amma kana cewa, "Me mutane za su ce?" Wanne ya fi kunya: magidanci ya rubuta jarrabawa tare da sa'annin 'ya'yansa, ko ya shekara 20 a kasuwa wani yana yi masa lissafin dukiyarsa?

Ƙofa a buɗe take. A Nijar babba yana iya rubuta jarrabawar BAC ba tare da ya koma aji ba. In ya ci, sai shekara 3 a jami'a, sa'an nan 2 na digiri na biyu a fannin kasuwanci. A 2004, Kimani Maruge na Kenya ya shiga firamare yana da shekara 84. Gemu ba ya hana ilimi.

Sau da yawa abin da muke kira kunya, girmankai ne. Amma ka binciki zuciyarka: takarda kake nema domin a yabe ka, ko sani domin ka riƙe amanar dukiya da gaskiya? In na biyun ne, tashi ka yi rajista. Allah ya ƙarfafa ka.