Bashin Iska

Ina 'yar shekara 12 aka raba ni da keke, kuma ba da faɗa aka raba mu ba. Wata safiya a Kurfi na jawo tsohon Raleigh ɗin mahaifina daga zaure zan tafi aike, sai kakata ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke, ai kin girma." Na mayar da keken na jingine. Ba wanda ya kawo mini aya ko hadisi, ni kuma ban tambaya ba. A garinmu yarinya tana hawan keke har ranar da idon mutane ya fara tsayawa a kanta, daga nan sai ta sauka ta bar wa ƙannenta maza.

Bayan shekara goma, ina ɗaliba a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, na sake hawa, kuma a wannan hawan ne na ci bashin da har yau ban gama biya ba. Shi ne ya bar ni da tambayar da ta fi keke girma: mene ne haƙƙin wadda ta shiga gaba a kan wadda ta fake a bayanta?

Akwai wani nau'in tseren keke da ake kira kiriteriyom, wanda za mu iya ce masa tseren zagaye. A cikinsa ba a tashi daga wani gari a nufi wani. Ana rufe 'yan tituna ne a tsakiyar gari, su ba da da'irar da ba ta cika wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, sai 'yan tsere su yi ta kewaya ta na rabin sa'a zuwa sa'a guda, kwana bayan kwana, a gaban idon 'yan kallo. Idan saura zagaye ɗaya, sai a kaɗa ƙararrawa. A Amurka shi ne tseren da masu yi don sha'awa suka fi shiga: malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗaliba, kowace ta ajiye aikinta a ƙarshen mako ta ɗaura hular kwano.

Sirrin wannan tsere yana cikin iska. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfin mai keke a wajen tsaga iska yake ƙarewa. Wadda ke gaba ita ke karɓar dukan. Wadda ta manne wa tayarta ta baya tana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da za ta kashe. Saboda haka ba lallai ne wadda ta fi ƙarfi ta ci ba. Sau da yawa wadda ta iya fakewa har ƙararrawa ta kaɗa, sannan ta fito da sauran ƙarfinta, ita ke ƙetare layi. Bahaushe ya riga ya raɗa wa irin wannan rabo suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hunturun shekararmu ta ƙarshe ne muka gwada abin, mu huɗu. Wata ƙawata 'yar Dutsin-Ma, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ita ta fara ganin tseren a wayarta, ita ta yi ta zuga mu, ita ta bi gidajen 'yan'uwa ta aro kekuna huɗu. Muka sami wani fili mai katanga a bakin gari, muka ajiye duwatsu a kusurwa huɗu, muka yanke cewa zagaye goma za a yi. Da hijabi da dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga muka hau, bayan sallar asuba, iskar hunturu na kaɗawa daga gabas. Daga zagayen farko ƙawata ta shiga gaba. Ni kuwa na laɓe a bayanta, ina jin numfashinta na sarƙewa, nawa yana kwance. Zagaye tara na yi a inuwarta. A na goma na fito na wuce ta da tsawon keke guda. Ta tsaya tana haki, ta yi dariya ta ce, "Ƙawata, kin ci, amma da ƙafafuna kika ci."

Shin na cuce ta? Mai bin ƙa'ida zalla zai ce a'a. Duk wadda ta shiga tseren ta san yadda iska take, kuma ba wanda ya ɗaure ta a gaba. Fakewa dabara ce da wasan ya halatta, kamar yadda ɗan kokawa ke amfani da nauyin abokin karawarsa ya kayar da shi. Wannan magana tana da ƙarfi, na kuma yarda da rabinta. Inda aka yi yarjejeniya a fili, kowa ya shiga da idonsa biyu, wayo ba ya zama zalunci.

Sai dai su kansu 'yan tseren ba su tsaya a nan ba. Suna da al'adar da ba a rubuta ba: idan wasu kaɗan suka ɓalle daga ayari, dole a yi karɓa-karɓa, kowace ta shiga gaba ta sha iska na ɗan lokaci, sannan ta kauce wata ta karɓa. Wadda ta ƙi karɓa ba alƙalin wasa ke hukunta ta ba, tseren da kansa ke yi. An ga haka a gasar Olamfik ta Paris a 2024, a tseren mata na kilomita 158. Saura 'yan kilomita a gama, mata huɗu ne a gaba. Kristen Faulkner ta Amurka, wadda ta fara tseren keke a matsayin mai sha'awa a birnin New York tana aikin ofis, ta taka feda ta ɓalle. Sauran ukun, har da Marianne Vos da Lotte Kopecky, waɗanda suna cikin gwanayen duniya, suka tsaya kallon juna, kowace na jiran wata ta shiga gaba ta jawo ta. Kafin su ankara, zinare ya tafi da tazarar kusan minti ɗaya. Inda kowa ke son inuwa, ba wanda ke samun ta.

Mu da muka tashi muna ganin adashi a hannun iyayenmu mata ba ma buƙatar dogon bayani. Ba laifi ba ne mace ta yi ɗaukar farko. Wani ne zai yi ko ta yaya. Laifin yana ga wadda ta kwashe sannan ta daina zubi. Cin moriyar wahalar wani ba shi ne butulci ba, domin babu ɗan Adam da bai tashi a inuwar wani ba. Butulci shi ne juyinka ya zo ka noƙe.

Da maganar ta tsaya a cikin katangar filin nan, da ba ta isa a rubuta ba. Amma akwai wata iska a wajen katanga. Abin mamaki, harshenmu ya haɗa su biyu a kalma ɗaya: abin da ke dukan ƙirjin mai keke iska ne, kuma sunan da ake jifan yarinyar da ta ƙetare layin al'ada da shi 'yar iska ne. Da za a mayar da kekunan, ƙawata ta hau ɗaya ta ratsa unguwa da rana tsaka, mu ukun muka bi wata hanya a ƙafa. Kafin magariba labari ya kai gidansu, kafin mako ya kai gidan wanda ke neman aurenta. An kira ta da wannan suna. A gabana wata dattijuwa ta faɗe shi, na sunkuyar da kai kamar ban san zancen ba. A tseren farko na fake a bayanta da yardarta. A na biyu na fake ba tare da ta sani ba, kuma wannan karon babu ƙararrawar da za ta ce mini lokacin fitowa ya yi.

Ba na son in mayar da kakata da wannan dattijuwa mugaye, domin tsoronsu ba na banza ba ne. Sun san cewa mutuncin mace a garinmu kamar tulu yake, idan ya tsage da wuya ya sake riƙe ruwa. Sun san iska na wahalar da mai kayan kara, kuma 'yar talaka ita ce mai kayan kara. Kunya kuma ado ce da ba na fatan mu yar. Abin da na kasa ganowa shi ne wurin da keke ya saɓa wa kunya. Mun hau da suturarmu cikakkiya. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Yarinyar da ake gudun ta hau keke ita ce ake bari ta hau bayan babur ɗin ɗan acaɓa da ba ta sani ba. To, abin da ake tsoro ba keken ba ne, bakin mutane ne. Bakin mutane kuwa halinsa irin na iska ne: wadda ta fara fitowa yake duka da dukan ƙarfinsa, ta goma da ƙyar take jin sa.

Tarihinmu ya shaida haka. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajojinta ƙauyuka suna koyar da mata karatu, kuma duk macen da ke riƙe da alƙalami a ƙasar Hausa tana da wani rabo daga wannan inuwa. Matan da suka fara shiga makarantar boko a lardin Katsina sun sha maganganun da ni ban sha ba, har na zo na karɓi digiri a jami'ar da aka kafa a 2011 a kusa da garinmu, ba wanda ya ɗaga gira. A fagen keke ma haka ne. Sai a 1984 aka fara tseren keke na mata a Olamfik. Bayan shekara 40, Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a Paris, har ta shiga wani ɓangare na gasar da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Ba ta dawo da lambar yabo ba, amma duk 'yar Nijeriya da za ta je bayanta za ta tarar da iskar ta ɗan ragu.

Tseren zagaye ya dace da wuri irin namu fiye da kowane tsere. A lokacin da matsalar tsaro ta sa matafiyi a kan hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma yana duban rana kafin ya tashi, wannan tsere ba ya neman daji ko doguwar hanya. Filin makarantar 'yan mata ya ishe shi, iyaye na zaune a inuwa suna ƙirga zagaye. Abin da ya rage shi ne wadda za ta shiga gaba, da waɗanda za su karɓe ta kafin ƙafafunta su gaji. Bai kamata a ce jarumta ce kawai za ta buɗe hanya ba; al'ummar da ke buƙatar jaruma kafin yarinya ta hau keke, ta bar mutum ɗaya da aikin gayya.

Ƙawata ta yi aure, ba da wancan manemin ba, kuma ba ta taɓa tuhumata ba. Na je na same ta na faɗa mata abin da na yi a gaban dattijuwar nan. Ta ce, "Haba ƙawata, ai ya wuce." A wurinta ya wuce, bashi kuwa ba ya faɗuwa don mai shi ya yi kawaici. Daga alawus ɗina na bautar ƙasa na sayi keke na hannu, na kai Kurfi na ba 'yar yayana, wadda bana ta cika shekara 12. Kakata tana raye, idonta bai dushe ba, kuma na san ranar da za ta faɗi maganar nan tana tafe. Na riga na shirya: ranar zan durƙusa in ce, "Kaka, a bar ta ta hau, ni zan shiga gaba," sannan in ari wani keken mu fita tare da rana tsaka.