Ilimin da ke Cikin Yatsu

Shin abin da hannu ya iya, alhali harshe ya gaza bayaninsa, ya cancanci sunan ilimi? Yarinyar da ke koyon saƙar kwarashi, wadda za ta naɗa zare, ta zura ƙugiya cikin sarƙa, ta jawo har madauki uku su hau, sa'an nan ta sauke su bibbiyu, takan haddace ƙa'idar tun ranar farko, amma saƙarta takan karkace, domin yatsunta ba su san gwargwadon tsaurin zare ba tukuna. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa saƙa cikin farillan kifaya, ni kuwa a ganina farillar ba ta sauka sai yatsun sun ƙware, kuma malama takan cim ma hakan ne da riƙe hannun almajirarta.