Shuka a Ƙasar Aro

Da rani, in na tsaya kan gadar Binuwai a Garwa, nakan hango yashi ya ɓullo tsakiyar kogi fari fat. Manoma kan yi shuka a gefensa, alhali sun san damina za ta shafe gonar. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, ko buɗe ƙofofinta aka yi, kamar a 2012, ruwa kan karɓe abinsa.

Wani mai sauraro ya taɓa bugo waya a shirina ya ce, "Malam, shuka a ƙasar aro ai wauta ce." Na daɗe ina juya maganar.

A gaɓar teku, kudu da Duwala, igiyar ruwa kan tara yashi ya miƙe kamar harshe. Ciyawa ke fara kamawa, saiwarta ta riƙe yashin, ganyenta ya ruɓe ya zama taki, sannan kurmi ya tashi. Da ta jira ƙasa ta kafu, da babu kurmin.

Ni kuwa shekara uku ina ɗage koya wa ƙanena aikin rediyo, wai sai na sami gindin zama. Jiya na ce ya biyo ni tasha.